Jamus Da Jamusawa

Idan mai saye ya tsaya a kasuwa yana jujjuya kwado ko almakashi, yana tantama, mai kaya yakan ce masa, "Ɗauki, ɗan Jamus ne." Da wannan kalma ɗaya ciniki ya kusa faɗawa. Direban babbar motar Mercedes mai ratsa hamada ya san sunan nan, haka ma tsohon da yake kama Muryar Jamus a rediyonsa da maraice, gama tun shekarar 1963 gidan rediyon yake magana da Hausa. Amma sanin kayan mutum dabam, sanin mutumin kansa dabam. Mutane da yawa abu biyu kaɗai suka riƙe game da Jamusawa, watau ƙarfe mai ƙwari da kuma Hitila. Tambayar da ta fi wuya ita ce, ta yaya al'umma ɗaya ta haifi abubuwan nan biyu? Wanda yake son amsa sai ya fara duban ƙasar tukuna.

Jamus tana tsakiyar Turai. Faɗinta wajen murabba'in kilomita 357,000 ne, watau ƙasar Nijar ta ninka ta sau uku da rabi, amma mutanen da ke cikinta sun haura miliyan 83. Ƙasashe tara ne suke iyaka da ita, a cikinsu akwai Faransa, da Holan, da Polan, da Ostiriya. Arewacinta fili ne shimfiɗaɗɗe har bakin teku, inda babbar tashar jiragen ruwa ta Hamburg take. Tsakiyarta tuddai ne da kurmi. Can kudu kuwa sai duwatsun Alps, mafi tsawonsu a cikin Jamus ana ce masa Zugspitze, mita 2,962. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar itatuwa ne. Manyan koguna irin su Rhine da Elbe da Danube ba sa ƙafewa, jiragen kaya suna binsu shekara duka. Ruwan sama ba shi da watansa, kowane wata yana iya sauka. Abin da yake raba shekararsu shi ne sanyi da haske. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu da rabi ta faɗi. A zamanin da, manomin da bai tara itace da dankali da ciyawar dabbobi tun da wuri ba, ba lalle ya ga ƙarshen hunturu ba. Mai yiwuwa a nan ne aka fara koya wa Bajamushe lissafin kwanaki.

Sunan "Jamus" daga bakin Ingilishi ya shigo Hausa. Su kansu Deutsche suke kiran kansu, harshensu kuma Deutsch. Asalin kalmar kuwa "na jama'a" take nufi, watau maganar talakawa, don a bambanta ta da Latin, harshen firistoci da masana. Wannan ƙaramin abu yana da muhimmanci. Waɗansu al'ummai sarki ne ya haɗa su, waɗansu kuma ƙasa. Jamusawa harshe ne ya haɗa su, sun yi ɗaruruwan shekaru ba su da ƙasa ɗaya. A ƙarni na 17 ƙananan masarautu da birane masu cin gashin kansu sun kai wajen 300, kowa da dokarsa da kuɗinsa da ƴan kwastan a bakin iyakarsa. Sai a 1871 ne Bismarck, wazirin sarkin Prussia, ya ɗaure su wuri ɗaya bayan yaƙe-yaƙe uku. Har wa yau ƙasar jihohi 16 ce, kuma mutumin Bavaria a kudu yana iya yin maganar garinsu mutumin Hamburg ya yi ta zare ido.

To, wa ya ba su harshen da dukansu za su karanta? Aikin ba na mutum ɗaya ba ne, amma mutum biyu ba a tsallake su. Na fari Johannes Gutenberg ne, mutumin Mainz, wanda ya ƙera injin ɗab'i mai haruffan ƙarfe, ya buga Littafi Mai Tsarki da Latin wajen 1455. Na biyu Martin Luta. Labarin yadda ya rubuta batutuwa 95 a Wittenberg a 1517, da yadda ya ƙi janye maganarsa a gaban sarkin sarakuna a Worms a 1521, sananne ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne aikin da ya yi bayan haka. Sarkin ƙasarsu ya sa aka ɓoye shi a wata ganuwa mai suna Wartburg, a can ya juya Sabon Alkawari daga Girkanci zuwa Jamusanci cikin wajen mako goma sha ɗaya. Aka buga shi a Satumba 1522, dukan Littafin kuma ya fito a 1534. Akwai fassarori kafin tasa, amma daga Latin aka yi su, sun sandare kamar busasshen kirgi. Shi Luta ya kasa kunne ga yadda ake magana a gida da kasuwa. An ce har wurin mahauta ya je don ya ji sunayen sassan rago, saboda ya iya fassara dokokin hadaya na Littafin Firistoci. A 1529 ya rubuta ƙaramin littafin tambaya da amsa a kan Dokoki Goma, da Shaidar Bangaskiya, da Addu'ar Ubangiji, don maigida ya koya wa iyalinsa. Tsara bayan tsara, a kan littattafan nan yara suka koyi karatu. Duk wanda ya taɓa zama gaban masu koyon baftisma ya san ƙarfin abin da aka haddace da harshen uwa.

Amma kalmar da ta haɗa harshensu ta raba ikilisiyarsu. A 1555 aka shirya cewa addinin da sarki ya zaɓa shi ne na talakawansa, ko Katolika ko na Luta. Wannan shiri bai riƙe ba. Daga 1618 zuwa 1648 aka yi Yaƙin Shekara Talatin, sojojin Turai duka suka mai da Jamus filin daga. A birnin Magdeburg kaɗai, a 1631, an hallaka wajen mutum 20,000. Waɗansu yankuna sun rasa sulusin mutanensu, waɗansu rabi, ta wurin takobi da yunwa da annoba. Wanda ya tsira daga irin wannan ba abin da yake tsoro kamar hargitsi. Ga kuma Luta kansa, da manoma suka yi tawaye a 1525, bayan sarakuna ya bi, aka kuwa dinga wa'azin Romawa sura 13 a kan biyayya ga mahukunta. Haka tsari da biyayya suka zama wa Bajamushe kusan kamar ibada. A riƙe wannan, gama za a sake gamuwa da shi.

Baƙon da ya sauka a Jamus yau zai ga tsarin nan tun ranar farko. Mutum yakan tsaya bakin titi da tsakar dare yana jiran jar wuta ta sake, alhali ba mota ko ɗaya. Shara ma kashi-kashi ake zuba ta, takarda dabam, kwalba dabam, ragowar abinci dabam. In an ce ƙarfe uku, ƙarfe uku ake nufi, ko da yake a ƴan shekarun nan jiragen ƙasarsu na dogon zango suna yawan makara, har abin ya zama musu abin ba'a da abin kunya gaba ɗaya. Gaisuwarsu gajera ce, a kama hannu, a dubi ido, shi ke nan. Ba a tambayar gajiya da iyali da kwanan gida. Ba a faɗa wa mutum gida ba sanarwa, ko da ɗan'uwa ne. Suna da kalma biyu ta kiran wanda ake magana da shi, du ta abokai da yara, Sie ta girmamawa, kuma abokan aiki suna iya yin shekaru a ofishi ɗaya ba su sauka daga ta biyun ba. In abu bai yi wa Bajamushe ba zai faɗa a fili, ba kewaye-kewaye. Baƙo yakan ɗauka rashin kunya ne, su kuwa a wurinsu gaskiya ce. In kuma ya ce zai yi abu, to, an gama.

Wannan hali yana da farashinsa. Kusan gida huɗu cikin goma mutum ɗaya ne tak a ciki. Tsofaffi da yawa suna ƙare kwanakinsu a gidan kula da tsofaffi, da abinci mai kyau, da likita a kusa, ba jika ko ɗaya da zai hau musu cinya sai ranar ziyara. A wannan fage wanda ya tashi a gidan gandu ba shi da abin ƙyashi.

Ƙwarin kayansu kuwa ba daga sama ya faɗo ba. Yaron da zai zama makaniki ko kafinta ko mai gasa burodi yakan yi wajen shekara uku yana koyo, waɗansu kwanaki a wurin aiki, waɗansu a makaranta, ana biyansa ɗan albashi, a ƙarshe ya ci jarrabawa. A sana'o'i da dama ba ya buɗe shagon kansa sai ya ƙara wata jarrabawar ya zama Meister, watau gwani. Akwai ma tsohuwar al'ada da ba ta mutu ba, matashin kafinta ya sa baƙaƙen tufafi da faffaɗar hula, ya ɗauki sanda da ƙunshi, ya bar gida shekara uku da kwana ɗaya yana aiki gari-gari, ba ya matsowa kusa da garinsu. Ƙasar da take girmama mai aikin hannu haka ita ce ta fid da Karl Benz da motarsa a 1886, da Rudolf Diesel da injinsa, da Robert Koch wanda ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, da Röntgen wanda ya gano hoton ƙashi a 1895. A fannin kiɗa suna da Bach, wanda ya yi shekara 27 yana shirya waƙoƙin sujada a Leipzig, da Beethoven ɗan garin Bonn. Waɗansu ƴan'uwa biyu, Yakubu da Wilhelm Grimm, sun tattara tatsuniyoyin ƙasar suka buga a 1812, har yau yaran duniya suna jinsu.

Abincinsu burodi ne iri-iri, da dankalin turawa, da kabeji, da tsiren alade da ake ɗurawa a hanji. Da dare sau da yawa ba a hura wuta, burodi da cuku mai sanyi ya isa. Giya tana da babban wuri a wurinsu, ba ɓoyewa, har akwai dokar yadda ake dafa ta tun 1516. Ran Lahadi doka ta rufe yawancin kantuna, gari ya yi tsit. Itacen Kirsimati da ake yi wa ado daga wurinsu ya bazu duniya, kuma daren 24 ga Disamba ne babban darensu.

Tsakanin Jamusawa da ƙasar Hausa akwai tsohuwar sanayya, mai daɗi da marar daɗi. Heinrich Barth, ɗan Hamburg, wanda ya kira kansa Abdul Karim, ya taso daga Tarabulus a 1850, ya shiga Agadas a shekarar, ya ga Katsina da Kano a 1851, daga baya ya bi ta Damagaram da Sakkwato da Sayi har Tumbutu. Ya koyi Hausa, ya zauna da malamai, ya rubuta abin da ya gani cikin littafi biyar. Da zai koma a 1855 ya tafi da samari biyu da aka ƴanta daga bauta, Dorugu da Abbega. A Ingila Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, ya zauna da wani Bajamushe mai aikin bishara, J. F. Schön, yana ba shi labari da tatsuniyoyi. Da taimakonsa Schön ya fid da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885, ya kuma juya waɗansu sassan Littafi Mai Tsarki. Wani Bajamushen, Karl Kumm, shi ne ya jagoranci ƴan mishan na SUM da suka isa Wase a 1904. Wannan gefe ɗaya ke nan. A ɗaya gefen, a Balin aka zauna daga 1884 zuwa 1885 aka shirya ƙa'idojin rabon Afirka, ba Ba'afirke ko ɗaya a teburin. Jamus ta riƙe Kamaru da Togo, sojojinta suka ci Garwa a 1901, da Marwa a 1902. Can kudu maso yammacin Afirka, inda Namibiya take yau, daga 1904 zuwa 1908 suka kora Herero da Nama cikin hamada da sansanoni, dubbai bisa dubbai suka mutu. Sai a 2021 gwamnatin Jamus ta amsa da bakinta cewa kisan ƙare dangi ne.

Daga nan hanya ta gangara zuwa wuri mai duhu. Jamus ta sha kaye a yaƙin duniya na farko a 1918, aka ƙwace mata ƙasashen da take mulki, aka aza mata diyya mai nauyi. A 1923 kuɗinsu ya lalace har ana sayen burodi ɗaya da biliyoyi. A 1932 mutum wajen miliyan shida ba su da aiki. Sai ga wani mai baki ya zo ya ce zai maido da tsari, ya kuma nuna wanda za a ɗora wa laifi, watau Yahudawa. Hitila bai ƙwaci mulki da bindiga ba. Jam'iyyarsa ce ta fi kowace ƙuri'a, aka naɗa shi shugaban gwamnati ran 30 ga Janairu 1933. A 1935 aka yi dokokin da suka fid da Yahudawa daga zama cikakkun ƴan ƙasa. Daren 9 ga Nuwamba 1938 aka ƙone majami'unsu, aka farfasa kantunansu, maƙwabta suna kallo. Kafin yaƙi ya ƙare a 1945 an kashe Yahudawa wajen miliyan shida, ban da sauran waɗanda aka hallaka, kamar ƙabilar Roma da naƙasassu.

Abin da ya fi ban tsoro a labarin nan shi ne, ba jahilai suka yi wannan aiki ba. Magatakarda ya rubuta sunaye daidai, ba kuskure. Mai tsara tafiyar jiragen ƙasa ya tsara daidai. Injiniya ya gina abin da aka ce ya gina, mai ƙwari. Halin nan da ya sa kwado ya zama ɗan Jamus, shi ne aka juya aka sa shi wannan aiki. Da aka tambaye su daga baya, da yawa suka ce umurni suka bi.

Ikilisiya fa? A lokacin kusan dukan Jamusawa masu baftisma ne. Wata ƙungiya mai kiran kanta Kiristocin Jamus ta rataya tutar Hitila a ɗakunan sujada, waɗansunsu har suka nemi a yar da Tsohon Alkawari don na Yahudawa ne. Suka tono wani mugun littafi da Luta ya rubuta a kan Yahudawa a 1543, da tsufansa, suka yi makami da shi. Wannan ma yana cikin gādon mutumin, ba a share shi don an ƙaunaci sauran aikinsa. Akwai waɗanda suka ƙi. A Barmen, a 1934, waɗansu pastoci da dattawa suka shaida cewa ikilisiya ba ta da wani Ubangiji sai ɗaya. An kama Martin Niemöller a 1937, bai sami kansa ba sai ƙarshen yaƙi. An rataye Dietrich Bonhoeffer ran 9 ga Afrilu 1945, saura wata ɗaya a daina yaƙin. Sunayen nan suna da daɗin faɗa a wa'azi, amma kada mai karatu ya ruɗe. Su kaɗan ne. Mafi yawa sun je sujada ran Lahadi, sun rera waƙa, sun koma gida sun yi shiru.

Abin da Jamusawa suka yi da wannan kunya shi ne ya fi cancanta a duba. Ba nan da nan suka yi ba. A Oktoba 1945 shugabannin ikilisiyar Furotesta sun furta laifinsu a Stuttgart, ko da yake ba su ambaci Yahudawa da suna ba, kuma jama'a da yawa sun ji haushin furcin. Shekara ashirin iyaye suka kame baki, sai da ƴaƴansu suka girma suka fara tambaya, "Baba, ina kake a lokacin?" Ran 7 ga Disamba 1970 shugaban gwamnati Willy Brandt, wanda shi kansa ya gudu daga Hitila, ya je Warsaw ya durƙusa a gaban dutsen tunawa da Yahudawan birnin, bai ce uffan ba. Yau ana koya wa kowane ɗan makaranta wannan tarihi, musun kisan kuma laifi ne da ake hukunci a kansa. A tsakiyar Balin, kusa da majalisa, an kafa ginshiƙan kankare 2,711 a 2005 don tunawa da waɗanda aka kashe. Al'ummai da yawa suna gina wa jarumawansu hasumiya. Da wuya a sami wadda ta gina wa laifinta, a inda baƙi suka fi wucewa.

Bayan yaƙi an raba ƙasar biyu a 1949, Yamma tana tare da Amurka da Ingila da Faransa, Gabas tana ƙarƙashin Rasha da kwaminisanci. Ran 13 ga Agusta 1961 mutanen Balin suka wayi gari an ja waya a tsakiyar birni, daga baya ta zama katanga. Aƙalla mutum 140 suka mutu a kanta. A Gabas gwamnati ta matsa wa ikilisiya, amma ɗakin sujada ya zama kusan wuri ɗaya tak da mutum zai yi magana. A majami'ar Nikolai ta Leipzig tun 1982 ake addu'ar salama kowace Litinin, wani lokaci mutane ƙalilan. Ran 9 ga Oktoba 1989 wajen mutum 70,000 suka bi titunan birnin bayan addu'a, da yawa da kyandir a hannu, ga sojoji da ƴan sanda a shirye. Ba a yi harbi ba. Wannan karon Jamusawa sun ƙi biyayya, amma sun ƙi ta cikin tsari. Bayan wata ɗaya katangar ta buɗe, ran 3 ga Oktoba 1990 kuma ƙasar ta koma ɗaya. Angela Merkel, ƴar pasto da ta girma a Gabas, ta shugabanci gwamnati daga 2005 zuwa 2021.

Kada a ce labarin ya ƙare lafiya lau. Ɗakunan sujadar da suka cika a 1989 yawancinsu yanzu kujeru sun fi mutane. Tun farkon shekarun 2020 membobin manyan ikilisiyoyi biyu, Katolika da Furotesta, ba su kai rabin jama'a ba, kuma yankin da Luta ya yi aikinsa yana cikin wuraren da aka fi barin addini a duniya. Musulmi sun haura miliyan biyar, da yawansu zuriyar ma'aikatan da aka gayyato daga Turkiyya ne tun 1961. A 2015 ƙasar ta karɓi ƴan gudun hijira wajen 890,000, waɗansu Jamusawa suka tarye su a tasha da abinci, waɗansu suka fusata. A zaɓen 2025 jam'iyyar da take gāba da shigowar baƙi ta zo ta biyu, da wajen ƙuri'a ɗaya cikin biyar.

Katangar Balin ran 9 ga Nuwamba ta buɗe, kuma da fari waɗansu sun so a mai da ranar ta zama ranar bikin ƙasa. Aka tuna cewa ranar ce kuma aka ƙone majami'un Yahudawa a 1938, sai aka bar ta aka ɗauki 3 ga Oktoba. A titunan garuruwansu akwai waɗansu ƙananan duwatsu masu fuskar tagulla, faɗinsu kamar tafin hannu, da wani mai zane, Gunter Demnig, ya fara binnewa a shekarun 1990, yanzu sun wuce 100,000 a Turai. Kowane ɗaya yana ƙofar gidan da aka fitar da wani, an rubuta sunansa, da shekarar haihuwarsa, da inda aka kai shi. Da maraicen 9 ga Nuwamba, a cikin sanyi, mutanen unguwa sukan fito da tsumma da man goge ƙarfe, su tsuguna su goge tagullar har sunan ya fito, su ajiye kyandir a gefe.